Tsakanin Wa da Bawku Babu Jirgi

A Maamobi ba mai ɗaga kai don ya ji ƙarar jirgin sama. Filin jirgin Accra na nan a bayanmu, tafiyar 'yan mintuna ce a tasi idan hanya ba ta cushe ba, kuma tun daga asuba har dare ya raba ba a rasa wani yana tashi, wani yana sauka. Yaran da ke buga ƙwallo a Kawukudi suna iya gaya maka wanda ya nufi Turai da wanda Tamale kawai zai je ya dawo. Zama kusa da filin ya cusa wa matasanmu wani irin lissafi: a wurinsu duk faɗin Ghana awa guda ce, sai dai in ba ka da kuɗin tikiti.

Da wannan lissafin ɗan yayata ya tarbe ni ranar da na biya ta shagon da yake tsaro a Zongo Lane. Hidima biyu ce ta taso mini a arewa cikin mako guda, addu'ar arba'in ta wani dattijonmu a Wa, da ɗaurin auren 'yar aminina a Bawku. Yaron ya ajiye rediyon da yake kwancewa, ya zaro waya, ya ɗan latsa, ya juyo mini da fuskarta.

"Kawu, ai gida ɗaya ne. Kilomita 270 ne a miƙe. Jirgi ko awa ɗaya ba zai cika ba."

Maƙwabcinsa mai sayar da leshi da zare, wani Alhaji ɗan asalin Bawku da ya tsufa a layin, bai ko ɗago daga yadin da yake aunawa ba. Ya ce, "Wane jirgin, yaro?"

Yaron bai yi ƙarya ba, wayar ma ba ta yi ba. Wa tana arewa maso yamma, ita ce hedikwatar yankin Upper West. Bawku kuma tana can ƙuryar arewa maso gabas, inda iyakar Ghana ta haɗu da ta Togo da ta Burkina Faso. Layin da tsuntsu zai bi tsakaninsu bai wuce abin da wayar ta faɗa ba. Sai dai jirgin fasinja ba ya sauka a Bawku, ba ya sauka a Bolgatanga, hedikwatar yankin Upper East, duk da an daɗe ana maganar gina fili a Sumbrungu. Mafi kusa shi ne na Tamale. A lokacin da na yi tafiyar nan, wanda ya rantse sai ya hau jirgi daga Wa, to sai ya dawo Accra tukuna, kimanin kilomita 560, ya sake hawa wani zuwa Tamale, kimanin 430. Ya yi shawagin kusan kilomita dubu ke nan, ya biya tikiti biyu, ya sauka yana da sauran kilomita 240 a mota, kusan adadin da wayar ta nuna tun farko.

Alhajin ya naɗe leshinsa, ya ce kakanninmu gabas da yamma suke tafiya, mu ne muka koma kudu da arewa. Maganar tana da tushe, kuma a kan tushen muke tsaye a wannan layi mai cike da wayoyin lantarki da lasifikoki da maɓallai. Ayarin fatake daga Kano da Sakkwato yamma ya dinga nufa, da jakuna ɗauke da kanwa da turkuɗi da kirgi, ya ƙetare Kwara, ya ratsa Bargu ko Gurma, ya bi ta Sansanne Mango da Yendi har Salaga, kasuwar goron Gwanja. Watanni ake yi a hanya, madugu na gaba da shawara, jagaba na duba inda za a sauka. Da Turawan Ingila suka ƙone Kumasi a 1874, ikon Asante a kan Salaga ya kwance. Yaƙin basasar 1892 ya ƙarasa watsa garin. Goro ya sami sabuwar hanya, ya gangaro bakin teku, a loda shi a jirgin ruwa zuwa Legas. Inda goro ya bi nan Bahaushe ya bi. Malam Naino ya kafa zangonsa a nan tsakiyar Accra a farkon shekarun 1880, ɗansa Malam Baƙo ya fita ya sari Sabon Zango a farkon shekarun 1910, Malam Amadu Futa ya zauna a Nima a farkon shekarun 1930. Unguwannin da muke taƙama da su 'ya'yan wannan juyin hanya ne.

Mu mutanen zango da jana'iza muke auna nisa. Idan aka bugo waya da dare aka ce an yi rasuwa a Tamale, mai hali zai kama jirgin safe ya sami sallar gawa. Idan a Wa ne, sai in ranar ta dace da ranar jirgi, don ba kullum yake zuwa ba. Idan kuwa a Bawku ne ba a ma fara lissafi. A shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida a Nima, a karɓi gaisuwa a nan, a sa ranar tafiya ta dace da addu'ar bakwai ko ta arba'in. Shi ya sa addu'ar arba'in a arewa takan fi ranar binnewa cika: ranar ce 'yan Ankara, kamar yadda muke kiran Accra, da 'yan Kumasi suke iya isowa.

Zuwa Wa dai jirgi na hau, ƙarami mai farfela biyu. Yana ɗagawa na hango rufin kwanon unguwanninmu a cunkushe, da hasumiyoyin babban masallacin ƙasa na Kanda da aka buɗe a 2021, sai teku ta koma bayanmu. Daji ya yi kore shar na ɗan lokaci, nan da can ramukan masu haƙar zinariya cike da ruwa mai launin kunun kanwa. Daga nan hazon hunturu ya rufe komai. Matar da ke kusa da ni ta yi ta jan carbi, ba don tsoron faɗuwa ba, don tsoron kada a ce hazo ya hana sauka a juya da mu, abin da kan faru a wannan lokaci na shekara. Ba a juya ba. Kafin awa ɗaya da rabi muna tsaye a wani ɗan fili mai tsit, iska busasshiya tana tsaga mana leɓe. A 2019 jiragen fasinja suka fara zuwa nan. Kafin lokacin, kuma har gobe ga yawancin mutane, hanyar ita ce motar dare daga tashar Circle a Accra: Nsawam, Nkawkaw, Kumasi a tsakar dare, Techiman, Wenchi, a ƙetare Baƙar Volta a Bamboi, a bi ta Bole da Sawla, a shiga Wa rana ta fito. Fiye da kilomita 700, awa goma sha biyu in an yi sa'a. A daminar 2023 ruwa ya cinye hanyar a Doli, kusa da Bole, manyan motoci suka yi layi kamar ba za su ƙare ba.

Wa gari ne na malamai tun kafin Bature, zuriyar Wangarawa da suka zo da fatauci da allo. Fadar Wa Na tana tsakiyar gari da fararen ginshiƙanta masu tsini, ginin laka irin na Sudan ta yamma. Sauran garin kuwa na babura ne, mata da maza, tsofaffi da goyo a baya, kowa na murza nasa. An yi addu'a, an raba goro da masa, an ci tuwo. Da la'asar na ce ina neman hanyar Bawku, sai zauren ya rabu biyu.

Hanya biyu ce. Ta farko ta gangara kudu zuwa Sawla, ta yanki gabas ta Larabanga mai tsohon masallaci da Damongo zuwa Fufulso, ta hau Tamale, sannan ta miƙe arewa ta Walewale zuwa Bolga. Sashen Sawla zuwa Fufulso, kilomita 147, an shimfiɗa masa kwalta da kuɗin Bankin Raya Afirka, aka gama wajen 2015. Duka tafiyar ta haura kilomita 500. Ta biyu ta bi ta Han da Tumu da Navrongo, kimanin kilomita 350 har Bawku, ita ce ta fi kama da layin da ke cikin waya. Limamin unguwa ya ce, "Malam, hanyar lafiya a bi ta da shekara. Bi ta Tamale." Wani matashi malamin makaranta da ya yi aiki a ƙasar Sisala ya ce yanzu rani ne, ba laka, ba kogin da ya cika, in na jure ƙura zan ga ƙasa. Ganin ƙasar nake so, na bi maganarsa.

Bayan sallar asuba ina tasha. Motar da aka ce tana zuwa Bolga kai tsaye ta cika tun daren jiya, sai ta Tumu. A tashar arewa agogo ba ya tayar da mota, kujera ta ƙarshe ce ke tayar da ita. Muka zauna muna kallon kujeru uku da suka rage, muna shan koko da ƙosai, yaron mota yana ta ɗaure kaya a sama: buhunan siminti, katifa, babur sabo a kwance, kwandon zabi, da akuya guda da ta gaji da kuka ta yi shiru. Sai da hantsi ya dubi ludayi sannan direba ya tofa addu'a a sitiyari.

Kwalta ta raka mu ɗan nesa da gari, ta yi mana sallama. Daga nan sai gargada, irin wadda ke sa haƙora su yi ta haɗuwa, ƙarfen mota ya yi ta kaɗawa har ba ka jin maganar na kusa da kai. Wani wurin kwaltar takan dawo na ɗan lokaci, ragowar wani aiki da aka fara aka bari, kuma direba ya fi tsoron irin wannan wuri, don ramin kwalta ya fi na ƙasa kaifi. In babbar mota ta taho daga gaba, kowa ya yi maza ya ja gilashi, jar ƙura ta rufe mu, direba ya rage gudu yana tuƙi da sanin hanya. In ta lafa a buɗe, don zafi ba ya barin a rufe. Matar da ke gefena ta yane fuskar jaririnta da gefen mayafi, ta ɗora ƙwaryar man kaɗanya a cinya, ta rufe ta da ganye da tsumma, tana dafe da ita da hannu ɗaya kamar wani goyon na biyu. Kafin mu kai Han girarta ta yi ja, gemuna ya yi ja, farar hular wani dattijo a gaba ta koma launin tukunya. Ba wanda ya yi ƙorafi. Wani ya ce da ni cikin raha, duk wanda ya sauka daga motar Tumu ba sai an tambaye shi daga ina ba.

Ƙasar kuwa tana da kyau irin nata. Kaɗanya da ɗorawa a warwatse cikin gonakin da aka girbe, kuka tsirara ba ganye, hayaƙin ƙunar daji yana tashi can nesa, buhunan gawayi a jere a bakin hanya suna jiran motar kudu. Ƙasar Sisala rumbun masara ce, manyan motoci daga Techiman da Kumasi suke zuwa ɗauka. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, daga 1960 zuwa 1983 Wa da Bawku yanki ɗaya ne, Upper Region, hedikwata a Bolgatanga. Malamin makaranta a Wa da ke neman sa hannu a takardar ƙarin girma wannan hanya yake bi, ya je ya dawo. A 1983 gwamnatin Rawlings ta yanke Upper West ta ba ta hedikwatarta. An sauƙaƙa wa mutane, babu musu. Amma a ganina ranar ce hanyar ta rasa mai kuka dominta a ofis: tunda babban ma'aikaci ya daina bin ta, sai ta zama ta masu masara da masu man kaɗanya, sai kuma 'yan siyasa da ke tunawa da ita duk shekarar zaɓe.

Ana kiran azahar muka shiga Tumu. Garin na daf da iyakar Burkina, hanyar Léo na nan ta miƙe arewa. Na yi alwala, ruwan da ya zuba daga fuskata ja wur, na haɗa azahar da la'asar, don ban san inda la'asar za ta same ni ba. A tasha na ga abin da ya fi duk wata taswira bayyana mini ƙasar nan. Wata 'yar Sisala mai sayar da doya da wani Bafrafra ɗan Bolga suna ciniki, ita ba ta jin yarensa, shi ba ya jin nata, tsakanin garuruwansu bai kai kilomita 150 ba. Da Twi suka daidaita, harshen Asante, don dukansu sun yi zaman Kumasi. Maƙwabta biyu sai da kowannensu ya je kudu ya koyo bakin da zai gaisa da ɗan'uwansa. Tsofaffin direbobi da mahauta su ne suka amsa mini da Hausa.

Haka aka gina ƙasar tun farko. Bature ya kafa mulkinsa a arewa a farkon ƙarni na ashirin, ya mayar da hedikwata daga Gambaga zuwa Tamale a 1907, kuma abin da yake nema daga arewa ƙarti ne: masu shiga ramin zinariya a Tarkwa da Obuasi, masu aikin gonar koko, 'yan sanda da sojoji. Hanyar da za ta gangaro da su ita ce ta zama dole. Dogo ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903, daga Accra a 1923, ya tsaya nan. Gwamna Guggisberg ya yi niyyar ja shi zuwa arewa, ba a yi ba, kuma har yau ba a yi ba. Hanyoyin Ghana sai suka zama kamar tsintsiya, an ɗaure gindinta a Accra da Kumasi, bakin ya watse a arewa, kowane tsinke ya kama gabansa. Ko Salaga sai da ta sha kashi na biyu. Tsohuwar hanyar arewa ta cikinta ta bi, daga Kumasi ta Atebubu da Yeji. Da aka gama madatsar Akosombo a 1965 tafki ya cika, mashigin Yeji ya yi faɗi, manyan motoci suka koma ta Kintampo da Buipe da Yapei, aka bar Salaga a gefe tana jiran jirgin fito.

Motar Navrongo ta fi ta farko tsufa. Wannan sashe shi ne zuciyar tafiyar, kuma shi ne ya fi kaɗaici. Kana iya yin tafiya mai tsawo ba ka ga gida ba, sai daji da duwatsu, sai makiyayi can da sandarsa a wuya. Waya ta ɗauke. Mun ƙetare kogin Sissili, ruwansa ya ja baya ya bar yashi, ba da jimawa ba tayar baya ta yi ƙara ta sace. Muka firfito. Yaron mota ya shiga ƙarƙashi da jak, ya tarar jak ɗin ba ya kaiwa, ya nemo faffaɗan dutse ya ɗora a kai. Tayar da aka ciro daga sama ta fi wadda ta fashe sanƙo. Direba ya shafa ta, ya buga mata ƙafa, ya ce, "Za ta kai mu, in sha Allahu." Mai man kaɗanya, wadda ita ma ta canzo mota tare da mu, ta sami inuwa ta ba ɗanta nono, ta miƙo mini gyaɗa a tafin hannu. "Baba, ci. Navrongo da saura."

A wannan dajin mutum mai jin Hausa ya kamata ya san abin da ƙasar ke tunawa. A shekarun 1880 da 1890 mahayan Zabarmawa ƙarƙashin Babatu sun yi ta kai hari a ƙasar Gurunsi, daga Sisala har Builsa, suna kama mutane ana kai su kasuwannin bayi, Salaga na ciki. A Gwollu, yamma da Tumu, garin su Hilla Limann da ya shugabanci Ghana daga 1979 zuwa 1981, har yanzu akwai ragowar ganuwar da aka gina don tsare kai daga masu kamen. A Sandema, kudu da hanyar da muke kai, Builsa suna bikin Feok duk ƙarshen shekara, da rawar yaƙi da hulunan ƙaho, suna tuna ranar da suka kori Babatu. Shi kansa a Yendi ya ƙare kwanakinsa. Idan muna yabon zamanin da ake tafiya gabas da yamma, to wannan ma yana cikin kayan da aka yi ta ɗauka a hanyar. A zaurukan Nima ba mu cika faɗin wannan ɓangaren ba.

Muka wuce Chiana da Chuchuliga rana na faɗuwa. Da tayoyi suka hau kwalta sosai, shirun da ya sauka a motar har sai da ya ba ni mamaki, ashe tun safe kunnena ke cikin ƙara. Navrongo ta tarbe mu da fitilu. Nan ne limaman Katolika da ake kira White Fathers suka sauka a 1906, cocinsu na laka da aka gina a 1920 yana nan tsaye. Ban tsaya ganinsa ba. Tasi ta kwashe mu zuwa Bolga, kilomita 30 kacal, cikin ɗan lokacin da bai kai wanda muka ɓata wajen canza taya ba.

Daga Bolga zuwa Bawku kimanin kilomita 80 ne, da zan iya ƙarasawa a daren. Mai masaukina a zangon Bolga ya karɓi jakata ya ce kada ma in soma. Rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi, wanda ya girmi yawancin masu yinsa, ya sake tashi tun ƙarshen 2021. A lokacin akwai dokar hana fita da dare, akwai shingayen sojoji, akwai lokutan da motocin fasinja ba sa tafiya sai da rakiya, har Sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu na Biyu, aka roƙa ya shiga tsakani. Ba na cikin masu yanke hukunci a kan wannan magana, kuma baƙo mai hankali ba ya tambayar kowa ɓangarensa. Abin da ya shafi matafiyi shi ne, awoyin da dokar ta hana shiga gari su ma nisa ne, kuma ba wayar da ke lissafa su. Aka kawo tuwon zafi da miyar ayoyo da gasasshen zabo. Na yi wanka sau biyu kafin ruwan ya daina ja.

Muna cin abinci mai gidan ya ba ni labarin hajjinsa. Ya ce a da alhazan arewa sai sun gangara Accra, su yi kwanaki a sansanin alhazai ko a gidajen 'yan'uwa a Nima da Maamobi suna jiran jirgi. Na tuna da su sarai, da tabarminsu a farfajiyarmu da buhunan garinsu. Tun 2016 aka fara ɗaukar su daga Tamale kai tsaye zuwa Madina. Tafiyar ta kai kilomita 4,600, awa shida zuwa bakwai. Ya dube ni yana dariya. "Ka ga, Malam, da tare muka tashi yau da safe, kai daga Wa ni daga Tamale, da na yi la'asar a Masallacin Annabi kana can kana jiran a sa maka taya."

Da gari ya waye muka kama hanya. Zuarungu, Nangodi da duwatsunta, Jar Volta, dajin Tilli da giwaye kan ratsa, Zebilla. An fara aikin wannan hanya tun 2016, wani sashen sumul, wani sashen an kankare an bari. A kowane shinge a sauke gilashi, soja ya leƙo, ya dubi fuskoki, wani lokaci a ce kowa ya fito da katin shaida. Ba mai wasa a motar nan kamar ta jiya. A gadar Farar Volta aka rage gudu, na ga gonakin albasa kore shar a gaɓar kogi, maza da yara suna ban ruwa, injin famfo yana tari. Ƙarshen damina, in aka buɗe madatsar Bagre a Burkina, wannan fadama duk ruwa ne. Da ya janye sai a bi sawunsa da iri.

Bawku ta fi Wa jin Hausa nesa ba kusa ba. A kasuwa Bakusashe da Bamosi da Babusanga da ɗan Togo da ita suke ciniki, ga amalanken jakuna, ga 'yan canji da sidi da sefa a hannu. Kulungugu na nan arewa kaɗan, inda aka jefa wa Kwame Nkrumah bam ranar 1 ga Agusta 1962. Na isa ana shirin ɗaurin aure, uban amarya ya riƙe hannuna ya ƙi saki.

"Daga Ankara kake?"

"Daga Wa."

Ya sake dubana sama da ƙasa. "Wa? Ta ina?" Da na ce ta Tumu, sai ya kira ƙannensa su zo su ga wanda ya biyo ta Tumu. A cikinsu akwai wanda ya yi shekara ashirin yana kai albasa Accra, tun kasuwar tana Agbogbloshie har aka mayar da ita Adjen Kotoku a 2021. Ya san kowane shingen 'yan sanda daga nan har Nsawam, ya san inda ake sayar da doya mai araha a Kintampo, yana da ɗakin da yake sauka a Nima. Bai taɓa taka Wa ba. Wata gwaggon amarya ta ce 'yarta na aure a can, in za ta aika mata da dawadawa sai ta ba motar Kumasi, a can a miƙa wa motar Wa, ya fi tabbas.

Ranar komawa ban sha wahalar neman mota ba. Manyan bas na Accra da Kumasi suna jere, an rubuta sunan gari a gilashi, mai yankan tikiti na zaune da littafinsa, ya san lokacin tashi, ya san lokacin isa Circle in hanya ta yi kyau, kilomita fiye da 800. Na biya, na karɓi lambar kujera. Kafin in hau na tambayi yaron motar ko akwai wadda ke zuwa Wa daga nan.

Ya ɗan yi tunani, ya kira wani, wancan ma ya girgiza kai.

"Alhaji, sai dai ka je Bolga ka tambaya."